Azurfar da Ta Yi Baƙi a Ibadan

Malam Badaru maƙerin farfaru ne a cikin tsohon garin Daura, kuma a zauren gidansa maƙerarsa take. Ba ya ƙera fartanya ko lauje. Aikinsa azurfa ne: awarwaro, zobba, 'yan kunne. Ya gaji sana'ar a wurin mahaifinsa, ga shi ya haura sittin yana kanta, har sai ya sa tabarau yake ganin bakin zobe. Shekararsa talatin da takwas da matarsa Hajo. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage daga shi sai ita.

Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a a jihar, ana tsakiyar damina, wata Litinin da hantsi masinjan makarantar 'yan mata ya kawo masa wasiƙa daga Ibadan.

Ya san mai wasiƙar. Malama Ronke ce, wata Bayarbiya da ta yi bautar ƙasa bara a makarantar. Zobe ta zo saya ranar farko, sai aikin ya ɗauke mata hankali. Daga nan kusan kowace Asabar sai ta yafa gyale ta zo ta zauna a kan benci a bakin zaure, tana kallon yadda yake narka azurfa yana zubawa. Baba take ce masa. Takan shiga ciki ta gaida Hajo, har dambu ta koya a wurinta. Da za ta tafi ta sayi awarwaro huɗu, ta ce na bikinta ne.

Da Turanci aka rubuta wasiƙar, shi kuwa Malam Badaru ajami ya iya. Sai ya rufe maƙera ya nufi wajen gidan waya, inda Munzali yake ajiye teburinsa a gindin dogon yaro yana cike wa mutane fom yana rubuta musu wasiƙu. Wurin ba ya rabo da jama'a. Ga mai shayi a gefe, ga 'yan acaɓa suna jiran fasinja.

Munzali ya warware takardar ya bi layin farko da yatsa.

"Tana gaishe ka, tana gaida iyali."

"Muna amsawa."

"Ta ce ta yi aure."

"Madalla. Allah ya ba da zaman lafiya."

Daga nan abin ya sarƙe masa. Rubutun tafiyar tsutsa ne, haruffa sun haɗe da juna, ga Turancin ya wuce na fom. Da ya ce abin ya fi ƙarfinsa, da shi ke nan. Amma idanu suna kansa. Ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya daɗe da cirewa, ya tsinto kalmomi uku da suka fi fitowa sosai, ya neme su ɗaya bayan ɗaya. A gaban ta farko ya ga an rubuta ɓata suna. A gaban ta biyu, tabo. A gaban ta uku, zubar da mutunci. Ya kuma gane inda aka ambaci uwar miji, da inda aka ce ta yi fushi. Ya haɗa su a ransa, suka ba shi labari.

"Malam, maganar nan fa ba daɗi," in ji shi, bai ko rage murya ba. "Ta ce ka ɓata ta. Ka bar mata tabo. Uwar mijinta ta gani, ta tayar da hankali. Ga ma maganar zubar da mutunci nan a ƙasa."

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu. 'Yan acaɓa suka juyo.

"Ni?" in ji Malam Badaru.

"Haka takarda ta ce."

Ya karɓi wasiƙar ya ninke, ya sa a aljihu, ya juya. Laimarsa ma a nan ya manta ta.

A kwanakin nan kusan kullum sai rediyo ya kawo labarin wata shari'ar zina daga wani gari, kowa kuma ya san inda irin wannan magana take iya kai mutum. Kafin la'asar labari ya riga shi zagaya unguwa.

Da bakinsa ya gaya wa Hajo, yana zaune a bakin ɗaki bai ko cire takalmi ba. Ta ce, "Ƙarya ne," ta ci gaba da tankaɗe. Amma da ta kawo masa tuwo, yadda ta ajiye haka ta ɗauke.

Washegari Kulu maƙwabciyarsu ta shigo wai ta zo jaje, ta zauna tana zare ido a tsakar gida kamar mai neman allura. Ranar Laraba wata mata da ta kawo tsofaffin mundayen uwarta a narka wa 'yarta awarwaro ta aiko ƙanwarta a ba ta kayanta, ta fasa. A masallaci, inda Malam Badaru ya yi shekaru yana tsayuwa a sahun gaba, sai ya ga mutane suna amsa masa gaisuwa suna kallon tabarma. Ya koma sahun baya da kansa. Wutar maƙera kuwa ba a sake hura ta ba.

Liman, Malam Uwaisu, ya zo har zaure.

"Ba wanda ya kai ƙara," ya ce masa. "Takarda kuma ba shaida ba ce. Amma Malam Badaru, ka nemi wani ya sake duba ta. Masu boko sun cika garin nan."

"In kai wa wani, in ji ta sau biyu? A'a, Liman. Allah ya san abin da ke tsakanina da yarinyar nan. Ya ishe ni."

Hajo tana bayan ƙofa tana ji. Ita abin da ke cinta daban ne, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa. Ta san mijinta. Ta san mutum ne da ko awon hannun mace zai yi, sai dai ya miƙa mata zare ta auna da kanta. Duk da haka ta kama kanta tana tuno Asabar ɗin da ta tafi suna, da wadda ta tafi dubiya asibiti ta daɗe. In tunanin ya zo sai ta yi istigfari, ta tashi ta kama wani aiki. Can kuma sai ya dawo.

Ranar Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ta zauna nesa kaɗan da shi.

"Malam, ka ba ni takardar nan in kai Mashi gobe, wurin Ummukulsum."

Ummukulsum 'yar ƙanen Hajo ce, a hannunsu ta yi wayo. Tana aure a Mashi, tana koyar da Turanci a sakandare.

"'Yar da na goya? Ita za ta karanta wannan a kaina?"

"In gaskiya ce, gara ta tsaya a cikin gida. In ba gaskiya ba ce, gara mu sani."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wasiƙar, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ya tashi ya fita.

Da sassafe ta ɗaure takardar a bakin zane ta tafi tasha. Motar ta daɗe ba ta cika ba. A hanya aka yi yayyafi, gero ya kai ƙirji dama da hagu, fasinjoji suna ta yabon damina. Ita dai hannunta yana kan ƙullin zanenta har suka shiga Mashi.

Ta tarar da Ummukulsum tana wanki.

"Gwaggo! Ke ce da kanki ba aike? Lafiya dai?"

"Bar wankin nan. Zo ki karanta mini wannan. Kuma don Allah kada ki rage mini komai, kada ki sassauta."

Suka shiga ɗaki. Ummukulsum ta goge hannu ta karɓa. Ta karanta a zuci, Hajo tana kallon fuskarta. Sai ta ga yarinyar ta fara murmushi, har ta ɗan yi dariya. Da ta ɗago ta ga idon gwaggonta, dariyar ta tsaya.

"Gwaggo, me aka ce muku an rubuta a nan?"

Hajo ta gaya mata, da ƙyar.

"Inna lillahi! Wa ya karanta?"

"Munzali na gidan waya."

"To saurara ki ji." Ta dawo kan layin farko, tana karantawa tana juyawa da Hausa. "Tana gaida Baba, tana gaida Mama, ke ke nan. Ta ce an yi bikinta watan huɗu, ta sa awarwaron, kowa yana tambayar inda ta samo su. Amma tun da ruwa ya sauka a can, awarwaron sun dushe sun yi baƙi. Har ɗaya ya bar mata tabo a hannun farar rigarta. Uwar mijinta ta gani ta yi faɗa, ta ce an cuce ta, ba azurfa ba ce. Ita kuma ta ce mata ba ta yarda ba, ta ga aikin da idonta, kuma ba za ta bari kowa ya ɓata sunan Babanta na Daura ba. Tana roƙon ya gaya mata yadda ake wanke su. Sannan tana son ya ƙera mata guda shida, na ƙannen mijinta."

Hajo ta dubi takardar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, sai sunanta."

"Sake karantawa."

Ta sake, a hankali, ba ta canza ko kalma ɗaya ba. A karo na biyun ne maganar ta shigi Hajo. Ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa, ta ja gyale ta rufe fuska, ta yi kukan da ta kwana biyar tana haɗiyewa. Ummukulsum ta bar ta ta yi, sannan ta kawo mata ruwa.

"To ina ya samo ɓata sunan?" in ji Hajo da ta nutsu. "Ai ba zai ƙirƙira ba. A littafi ya duba, kowa ya gani."

Ummukulsum ta matso ta nuna mata da farce, ko da yake ta san ba karantawa za ta yi ba.

"Kin ga wannan? Tarnish ake ce da ita. Asalinta dushewar ƙarfe ce, kamar azurfa ko tagulla in ta yi baƙi. Amma Turawa sukan ɗauke ta su ɗora wa sunan mutum. Wannan kuma stain, tabo ne, irin na manja a riga, ita ma akan ce da abin kunya. Ta ukun, sully, ita ce kaɗai a nan take nufin ɓata suna, kuma cewa ta yi ba za ta yarda a yi masa ba. Kowacce baki biyu gare ta. Shi ya buɗe ƙamus ya ɗauki na biyun a duka, bai duba me ake magana a kai ba."

"Wane irin harshe ne wannan, kalma ɗaya ta wanki da ta mutunci?"

"Gwaggo, mu ma haka muke. In na ce miki an shafa wa mutum kashin kaji, akurki za ki leƙa?"

Hajo ta yi dariya hawaye na zuba.

"Ki rubuta mini da Hausa in kai."

"Zan rubuta, amma ba takarda kaɗai za ki kai ba. Tare za mu tafi."

Ta leƙa shago ta gaya wa mijinta, Hafizu. Da ya ji abin da ya faru, shi ya kai su tasha da kansa.

Ana kiran la'asar suka shiga Daura. Sai da Malam Badaru ya dawo daga masallaci suka same shi a zaure, zaune kusa da murhun da ya huce. Da ya ga Ummukulsum ya kawar da kai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta jira ya ba ta izini ba ta fara karantawa.

Yana ji bai motsa ba, har ta zo inda uwar miji ta ce ba azurfa ba ce. Nan ya zabura.

"Ba azurfa ba ce? Tsohuwar nan ba ta san azurfa ba! Ai azurfa dole ta yi baƙi in ta sha raɓa da gumi. Wadda ba ta baƙi ita ce abar tsoro. Ni da na narka a gabanta..."

Sai ya tsaya. Kamar a lokacin ne sauran maganar ta iso masa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan uwar maƙera, ya sa tafin hannu biyu ya rufe fuska.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya sake faɗa, ya sake. Can ya ce, "Ta ce Babanta na Daura?"

"Haka ta rubuta, Baba."

"Allah ya yi mata albarka. Ni kuwa har na fara jin haushinta a raina. Allah ya yafe mini."

Da safe ya sa Ummukulsum ta zauna da biro ya shifta mata amsa. Gaisuwa layi biyu ce. Sauran duk wanki ne: a samu toka mai laushi, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan lemun tsami, a goga da tsumma ba da soso ba, a ɗauraye, a shanya a inuwa, a naɗe a busasshen ƙyalle. Ya ce a gaya wa uwar mijin ta gwada da hannunta. Ya ce guda shidan za su samu kafin kaka.

Ya so maganar ta tsaya nan, Hajo ta ce ba ta tsaya ba.

"A bainar jama'a aka faɗa, Malam. A bainar jama'a za a warware."

Ya kai wa Liman takardun biyu. Bayan la'asar Malam Uwaisu ya ce kowa ya ɗan dakata. Ya miƙa ta Turancin ga wani tsohon hedimasta da ke salla tare da su, shi kuma ya karanta ta Hausar da ƙarfi. Hedimasta yana bi da ido yana gyaɗa kai, da aka gama ya ce babu ragi babu ƙari. Aka aika aka kira Munzali, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Rubutun ne ya fi ƙarfina," ya ce. "Kunya ta hana ni faɗa. Wallahi ban yi da nufi ba."

Liman ya ce, "Ka san hukuncin wanda ya jefi mutum da irin wannan ba shaida? Ka kusa sa bayanka a bakin bulala saboda kunyar cewa ban sani ba."

Malam Badaru ya ce shi ya yafe, kada a kai maganar ko'ina. Liman ya ce to, amma da sharaɗi: Munzali ya koma teburinsa, gaban mai shayi da 'yan acaɓan nan, ya faɗi abin da ya faɗa yanzu. Ya yi alkawari, kuma ya cika. Mutane suka taso suna miƙa wa Malam Badaru hannu, wasu suna cewa su dama ba su yarda ba. Ya karɓi hannun kowa.

Ba duka abin ya koma daidai ba. Mai mundayen nan ba ta dawo da su ba, ta riga ta kai wa wani maƙeri. Kulu ma ta ɗan kwana biyu tana cewa a bakin rijiya ai fassarar 'yar gida ce. Amma unguwa ta riga ta juya, maganarta ba ta sami mai ɗauka ba.

Ranar Litinin Ummukulsum ta bi motar farko don ta riski aji. Hajo ta dama kunu ta kai zaure. Ta tarar ya zuba gawayi yana jan zuga-zugi. Ta ajiye kwanon, ba ta tafi ba.

"Malam, maganar da na yi ranar Juma'a."

Bai daina jan zuga-zugin ba.

"Na ji ta," ya ce. "Ta fi ta Munzali ci na."

Ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini."

"Hajo, kwana huɗu ina zaune da takarda a aljihu ina jin tsoronta. Ke kika hau mota." Ya jawo kwanon ya buɗe. "Babu ƙuli-ƙuli?"

Ta koma ta kawo masa. Ya shanye kunun tas, ya ce a ƙaro.

Rana ta fito sosai a ranar, sai ta baza gero a tabarma a tsakar gida ya sha iska. Ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a inuwar rumfa kafin ta ɗora girki. Daga zaure tana jin ƙarar ƙaramar masaba a kan azurfa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba. Sai kiran azahar ne ya tashe ta, ta ga kajin maƙwabta sun shigo sun yi wa geron kaca-kaca, sun ci sun ƙoshi har wasu sun kwanta a gefen tabarmar. Ta zauna tana kallonsu, ta yi hamma, sannan ta tashi ta ɗauki buta.